Akwatin Da Ke Hagu

Mai Rula ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Shekara ashirin da shida ya yi a kamfanin buga kwalaye, ba a taɓa ganinsa ba tare da wata 'yar rular ƙarfe tana leƙowa daga aljihun gaba ba. Ta ubansa ce. Uban kafinta ne, mafaɗaci, wanda bai yarda da ido ba ko kaɗan. In ka ce masa katako ya yi daidai, sai ya ce, "Da me ka auna?" Ɗan bai gaji sana'ar ba, don ƙurar katako tana tayar masa da tari, amma ya gaji rular, ya kuma gaji halin.

Da tafireta ya fara. Su bakwai ne a ɗakin bugun takardu, wani dogon ɗaki mai taga ɗaya a bayan sito, inda ƙarar injinan kwali take hana mutum jin maganar na kusa da shi. Da kwamfuta ta shigo aka sallami shida. Shi ya tsira, ba don ya fi su kai ba, sai don yakan zauna lokacin cin abincin rana yana danne-danne yana ɓatawa yana gyarawa, har hannunsa ya saba. A wannan ɗakin ya yi aure, wato daga albashinsa, a nan aka haifa masa 'ya'ya mata uku, a nan furfura ta same shi. Bai taɓa neman ƙarin girma ba, kuma ba wanda ya taɓa tuna ya ba shi.

Daga baya manya suka kamu da son shafukan nuni, waɗannan da ake haskawa a bango lokacin taro. Ba a yanke shawarar sayen ko da tsintsiya sai an zana akwatuna da kibiyoyi an haska. Aikin ya faɗo kan Mai Rula. Abin da ya fi cin ransa shi ne taswirar ma'aikata: shafi arba'in, kowane ma'aikaci da akwatinsa, an jera su sashe-sashe. Kullum sai an ce a sauya launin waɗannan, a fitar da sunayen waɗancan. Ita kuwa manhajar ba ta san wani shugaban sito ko direba ba. Ita dai ta san Akwati 14 da Akwati 203, kuma da yake an yi ta kwafa ana mannawa shekara da shekaru, sai ka samu Akwati 14 har guda tara a shafi ɗaya. Kiran abu da sunansa a cikin wannan fayil ɓata lokaci ne.

Sai ya koyi rubuta makiro, wato ɗan jerin umarni da ake ba manhaja ta yi aikin da kanta. Nasa bai damu da suna ba, wuri yake bi. Ka ba shi lambar shafi, ka ba shi nisa daga gefen hagu da nisa daga sama, sai ya je ya dafa akwatin da ke zaune a nan ya karanto abin da ke ciki. Har ya ƙara masa wata dabara: in bai tarar da komai a daidai wurin ba, ya ɗauki akwatin da ya fi kusa. Wannan dabarar ita ce abin alfaharinsa a duniya, kuma mutum ɗaya ne kawai ya taɓa zama ya saurari bayaninta.

Mutumin shi ne Mai Fayil, wanda teburinsa yake hagu da nasa shekara goma sha tara. Shi ke kula da tsofaffin takardun kamfani. Butar shayi ɗaya suke sha, fanka ɗaya suke juyawa tsakaninsu. Mai Fayil yana ce masa Injiniyan Akwatuna, shi kuma yana ce masa Ɓeran Takarda. Ranar da aka yi masa bayanin makiron, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato shi ma bai san kowa ba, kujera kawai ya sani. Ai sai a ba shi darakta." Mai Fayil yana da ciwon suga, kuma katin asibitin kamfani ne yake riƙe da shi. Duk wata yakan je ya karɓo allura da ƙwayoyi, ya dawo yana zagin layin.

A shekarar da abin ya faru an cire tsohon majigi daga ɗakin taro, aka kafa wani faffaɗan allo. Tsofaffin shafukan ba su cika shi ba, don su kusan murabba'i ne. Aka ce wa Mai Rula ya mayar da duk fayilolin zuwa sabon faɗin. Ya yi a yini ɗaya. Manhajar ta bar akwatunan da girmansu, ta dai tura su tsakiya, ta bar fili hagu da dama. Ya duba ya ga sun yi kyau, ya rufe, ya manta.

Bayan kamar kwana goma sakatariyar darakta ta shigo ɗakinsu, abin da ba ta saba ba. Ta jira Mai Fayil ya fita, sannan ta rufe ƙofa. Ta ce za a rage ma'aikata talatin da ɗaya. Darakta ya zauna da wani mai ba da shawara, sun ɗauki taswirar da aka buga a takarda, sun bi akwatunan waɗanda za su tafi da jan alƙalamin nan da ake kira maka. Yanzu darakta ya yi tafiya, ya bar umarnin wasiƙu su fita kafin Litinin.

"Matsalar," in ji ta, "makar mai kauri ce. Ta rufe rubutun gaba ɗaya. Na ɗaga takardar a rana, ban ga komai ba. Na kira shi, ya ce ba don in riƙa kiransa ya ɗauke ni aiki ba."

"Kawo takardun in gani."

"Ya ce ko inuwarsu kada wani ya gani, Baba. Ka rufa min asiri."

Da wani ne sai ya ce ba ruwansa. Amma an zo wa Mai Rula da matsalar da ya shafe shekaru yana jiran a zo masa da ita, kuma gaskiya ransa ya yi fari, duk da ya san abin da lissafin yake nufi. Ya zaro rular ya miƙa mata. Ya nuna mata yadda za ta auna daga gefen hagu zuwa tsakiyar jan, sannan daga sama. Bayan awa biyu ta dawo da 'yar takarda mai layi talatin da ɗaya, lambobi zalla. Ya shigar da su, ya juya mata allon kwamfutar don kada ya ga sunayen, ya danna. Ta ƙirga, talatin da ɗaya cif. Ta kwashe ta yi godiya ta fita.

Ranar Litinin ɗan aike ya ajiye ambulan a teburin Mai Fayil. Ya buɗe, ya karanta, ya naɗe, ya ci gaba da jera takardun da ke gabansa har ya gama. Sannan ya kwashe tabarau da kofinsa da wani tsohon takalmi da ke ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Butar taka ce ko tawa? Na manta." Mai Rula ya ce ya ɗauka. Mai Fayil ya ce a'a, a gida akwai. A bakin ƙofar kamfani masu gadi suka karɓi katin shiga, suka karɓi na asibiti.

Mai Rula ya ji zafin abin sosai, amma zafi ne irin na wanda ya ga haɗari a hanya. Ya san hannunsa ya taɓa lissafin, sai dai yana gaya wa kansa cewa shi ma'auni kawai ya bayar. Ƙarshen wata ya je kantin magani ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai, ya kai wa abokinsa. Wata na biyu ma haka. Mai Fayil yana zaune da matarsa a ɗaki biyu a bayan wani garejin gyaran mota, ba su da ɗa a kusa. Yakan karɓi ledar ya ce, "Injiniya, kai ne asibitina yanzu."

A wata na uku aka ce a sake buga taswirar. Firinta ta turo shafin farko, Mai Rula ya ɗauka, sai idonsa ya tsaya kan farin filin da ke hagu. Tsohon bugun da ke manne a bangon ɗakin ba shi da wannan filin. Ya ɗora rula a kan sabon, ya ɗora a kan tsohon. Bambancin ya kai faɗin akwati guda. Ya zauna. Takardar da darakta ya bi da jan maka tsohon bugu ce, tun kafin sabon allo. Fayil ɗin da ya ba makiron sabo ne. Duk inda aka auna, akwatin da ake nufi ya riga ya matsa dama, maƙwabcinsa na hagu ya zauna a wurinsa.

'Yar takardar sakatariya tana nan a durowarsa, don shi ba ya zubar da takarda. Tsohon fayil ma yana nan. Ya shigar da lambobin, wannan karon bai juya allon ba. Bakwai sun fito daidai da waɗanda aka sallama: su ne na layin farko ta hagu, inda makiron ya tarar da fili ya ɗauki na kusa, dabarar nan tasa ta rufe ɓarnar har lissafin ya cika. Sauran ashirin da huɗu duk wasu mutane ne daban, suna nan suna aiki. A shafi na talatin da uku, layi na ƙasa, akwati na huɗu, sunansa ne shi kansa. A taswirar ma, kamar a ɗakin, Mai Fayil ne a hagunsa.

Abin takaici, wata uku ba wanda ya lura. Darakta ya ga talatin da ɗaya ya sa hannu. Shugabannin sassa sun yi mamakin wasu sunayen, amma wa zai tambayi darakta dalili? Kamfanin da bai san wa ya kora ba, haka ya ci gaba da buga kwalayensa.

Da yamma ya gaya wa matarsa, tana tsaye tana guga. Ta saurara ba ta ajiye dutsen gugar ba.

"Wa ya sani?"

"Ni kaɗai. Sai ke yanzu."

"To mu biyu mun isa." Ta juya rigar. "Baban yara, kai ka kore shi? Na'ura ce ta yi kuskure."

"Ni na koya wa na'urar. Ni kuma na matsar da akwatunan."

"Babbar 'yarka saura shekara ɗaya ta gama makaranta. Ƙananan biyu suna bayanta. Shekarunka hamsin da uku, wa zai ɗauke ka? Ka ci gaba da kai masa maganin, in ya so mu rage wani abu a gidan nan. Amma ka riƙe bakinka."

Ba muguwa ba ce, kuma ya san ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ya riƙe bakinsa mako biyar. Yana zuwa aiki, yana zama kusa da teburin da ba kowa, yana dafa shayin mutum ɗaya. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya haɗu da ɗaya daga cikin sauran mutum ashirin da ukun da ya kamata a sallama tare da shi a hanyar sito, sai ya gaishe shi da fara'ar da ta wuce kima, har wani direba ya tambaye shi ko lafiya.

Abin da ya karya shi ƙafar Mai Fayil ce. Ya je kai magani, ya tarar da shi zaune a tabarma ya miƙe ƙafar dama kan matashi, an naɗe babban yatsa da tsumma. Ɗan ƙaramin ciwo ne wai, ƙusa ce ta garejin. Amma ɗakin yana wari, kuma matar tana ta buɗe taga tana rufewa. Ta raka Mai Rula waje ta ce maganin da yake kawowa suna raba shi ne ya kai wata, rabin abin da likita ya ce. Da katin nan yana nan, da tuni an kwantar da shi. Daga ciki Mai Fayil ya ɗaga murya ya ce, "Kada ta cika ka da surutu, Injiniya. Ka gode wa Allah da ba a haɗa da kai ba, da wa zai duba wani?"

Washegari ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki tsohon bugu da sabo da 'yar takardar, ya hau bene. Bai gaya wa matarsa ba. Sakatariya ta ga takardun a hannunsa ta ji bayani a tsaye, fuskarta ta sauya, ta ce, "Baba, ka san ni ma za ka iya jawo min?" Ya ce laifin nasa ne, haka kuma zai faɗa.

Darakta mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya duban wanda ke masa magana. Mai Rula ya shimfiɗa takardun biyu a teburinsa, ya ɗora rula, ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce mutum ashirin da huɗu an sallame su bisa kuskure, cikinsu akwai mara lafiyar da ƙafarsa ke ruɓewa. Ya ce shi ba ya neman komai, kujerar da yake kai ba tasa ba ce, a mayar da mai ita.

"Kai wanne ne a ciki?" in ji darakta.

Ya nuna da yatsa.

Darakta ya daɗe yana kallon takardun. Ya ce abin ya burge shi, bai san ana iya irin wannan da kwamfuta ba. Sannan ya ce waɗanda suka tafi sun tafi: sun sa hannu, an rufe fayilolinsu, kuma in aka buɗe maganar kuskure lauyoyi ne za su cika harabar nan. Ba mai dawowa.

"Ranka ya daɗe, ko mutum ɗaya. A cire ni a sa shi."

"Ba a musayar mutane kamar tayar mota, malam." Ya tattara takardun ya ajiye a gefensa. "Amma ka zo a kan gaɓa. Masu kamfani suna neman a sake ragewa kafin ƙarshen shekara, ina ta tunanin inda zan fara. Ashe lissafin yana nan tun tuni. Wata huɗun nan sun nuna aiki yana tafiya ba tare da waɗancan ba, waɗannan kuma dama mun riga mun yanke. Ka ba sakatariya sunayen ashirin da huɗun yau. Ka tabbata wannan karon ka auna da kyau."

Haka aka yi. Shi ya fitar da sunayen, shi ya duba su sau biyu, don ko a nan hannunsa bai iya yin aikin banza ba. Wasiƙun suka fita ranar Litinin. Magana ba ta ɓuya a kamfani, kafin azahar kowa ya san wanda ya hau bene. Direban nan da ya taɓa tambayarsa ko lafiya ya tsaya a ƙofar ɗakin riƙe da ambulan ɗinsa, ya tofar da yawu a ƙasa ya wuce. A gida matarsa ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ka kyauta," ta shiga ɗaki, ta kwana uku ba ta ƙara masa wata kalma ba.

Ranar Alhamis ya tafi bayan gareji. Ya ga ya kamata Mai Fayil ya ji daga bakinsa, kuma a can ƙasan ransa yana sa ran wani abu, ko yafiya, ko zagi, ko dai a ce masa ya yi abin da ya dace. Tsumman ya haura har idon sawu. Matar ta kawo masa ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Ya faɗi komai, tun daga sabon allo har zuwa tayar mota. Bai rage laifinsa ba. Mai Fayil ya saurara ido a rufe, kamar mai jin labarin wasu mutane. Da aka gama ya tambaya, "Wato ba ni suka nufa ba?"

"Ba kai ba ne. Ni ne."

"Shekara goma sha tara," in ji shi. "Wata huɗun nan kullum ina kwance ina neman abin da na yi musu." Ya buɗe ido ya dubi rufin ɗakin. "To alhamdu lillahi, wannan ɗaya ka sauke min. Yanzu sun ce in dawo?"

"A'a."

"Kai kuma sun bar ka?"

"A'a. Da ni da mutum ashirin da uku."

Mai Fayil ya juyo da kansa a hankali ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Injiniya, da ka zo ka tambaye ni kafin ka hau benen nan. Da na ce maka ka zauna. Da ka yi shiru, da ɗayanmu yana da aiki."

 Daga bakin ƙofa matar ta yi magana, a hankali, ba da Mai Rula take ba, ba kuma da mijinta ba.

"Allurar da ta rage ta kwana shida ce," in ji ta.